Sun Juya wa Nazir Baya

Litinin, 8 ga Satumba, ƙarfe ɗaya da kwata na rana

Ina ɗakin baya na chemist, abincina ya huce, na kasa ci. Sau shida ke nan ina kallon bidiyon nan, har yanzu ban gane ba.

Nazir ne a ciki, ƙanena, autanmu, ranar Asabar a nan Manchester. Wasansa na farko da band ɗin nan da yake bi tun yana sakandare kamar wanda aka yi wa asiri. Sunansu ba zan rubuta ba, akwai kabari a ciki, akwai kuma abin da ya fi kabari muni. Heavy metal suke ce wa kiɗan. Ni dai abin da kunnena ke ji, kamar injin markaɗe ya haɗiyi cokali. Nazir bass yake kaɗawa, gitar nan mai kaurin igiya wadda a ƙirji ake jin ta. Wanda ya yi musu shekara goma sha biyar yana kaɗa ta, wani Ethan, ya bar su watan jiya. Layi biyu kawai suka rubuta a shafinsu, wai ya tafi saboda dalilai na kansa. Sai suka ɗauki Nazir.

To a bidiyon an zo wani wuri da kowa ya yi tsit sai bass kaɗai. Nazir ya matso gaba. Kawai sai mutanen nan, sun fi ɗari uku, suka juya masa baya. Lokaci guda, kamar an busa musu usur. Ba ihu, ba jifa, ƙeya kawai. Ya ci gaba da kaɗawa yana kallon ƙeyoyin mutane har ya kai ƙarshe, sannan suka juyo suka ci gaba da tsalle-tsallensu.

Da farko na ce ko al'adarsu ce. Ai mutanen da ke bangazar juna don murna ba abin da ba za su iya ba. Na tura masa saƙo na ce, "Auta, wannan girmamawa ce ko cin mutunci?" Ya amsa, "It's fine, Yaya." Fine ɗin me?

Talata, 9 ga Satumba, bayan magariba

Na nuna wa maigidan. Abban Inaya dai ko gini ne ya faɗo sai ya gama shan shayinsa. Ya kalla, ya miƙo min wayar, ya ce, "Maman Inaya, mutum mai shekara ashirin da tara kike magana a kai. Ki bar shi."

In bar shi! Ranar da Mama za ta koma Kano bayan rasuwar Baba, a airport ta kama hannuna ta ce ga amanar Nazir nan. Ba ta ce har ya kai shekara kaza ba. Ita har yau ta ɗauka aikin kwamfuta kaɗai yake yi.

Abin da ya fi ɗaure min kai ni ce da kaina. Shekara goma ina yi masa faɗa ya daina wannan hayaniyar, har gitarsa na taɓa ɓoyewa a bayan freezer. Yau an wulaƙanta shi a cikin hayaniyar, kuma raina ne ya fi na kowa ɓaci.

Alhamis, 11 ga Satumba, ƙarfe takwas na safe, a bas

Na shiga group ɗin masoyansu da sunan ƙarya. Allah na tuba. Mutum dubu huɗu da wani abu.

Ba sa ma kiran sunansa. "The temp" suke ce masa, ɗan riƙon ƙwarya. Wani ya ce laifinsa yana kwaikwayon Ethan tamkar aku. Na ƙasa da shi ya ce laifinsa ba ya kaɗawa kamar Ethan ko kaɗan. Kuma su biyun suka yarda da juna! Wata ta ce ba ya kuskure, abin da ke ba ta haushi ke nan, wai Ethan yakan makara kaɗan a wata waƙa kuma wannan makarar ita ce waƙar. Ikon Allah. Mu a wurin aiki kuskure ɗaya ya isa a ƙwace wa mutum lasisi, su kuma kewar kuskure suke yi.

Amma akwai wadda ta tsaya min a rai. Suna cewa Ethan ne ya koya wa Nazir kiɗa tun yana ɗan shekara sha bakwai, shi kuma ya zagaya ya haɗa baki da sauran aka fitar da malaminsa.

Na wuce tashar da zan sauka, sai da na dawo da ƙafa ta Stockport Road.

Juma'a, 12 ga Satumba, ƙarfe shida da rabi na yamma

Nazir ya zo karɓar mukullin mota, kowace Lahadi yana ara. Ya rame. Na zuba masa shinkafa da wake, ya yi cokali uku ya ture.

Na ce, "Nazir, kalle ni. Kai ka sa aka kori mutumin nan?"

Ya ce, "Yaya, don't."

Na ce, "Ban ji ba, da Hausa."

Ya ce, "Ki bar maganar, don Allah."

Bai ce a'a ba. Wannan yaro da in ka ce ya ɗauki biro ɗinka sai ya yi maka rantsuwa uku, bai ce a'a ba.

Da zai fita na ji yana gaya wa Abban Inaya a ƙofa cewa ranar sha ɗaya ga Oktoba suna da wasa a Birmingham, garin su Ethan. Mawaƙin band ɗin ya gaya masa ƙiri-ƙiri, in aka sake juya baya a can ba za su iya riƙe shi ba, masu shirya wasanni sun fara ja da baya. Wata ɗaya ke nan ya rage masa.

Asabar, 13 ga Satumba, da hantsi

Mai kula da group ɗin, wata Shalom, ta sanar. A Birmingham ba a wurin bass kaɗai za a juya baya ba, daga farkon wasa har ƙarshe ne. Mutum ɗari shida sun danna alamar yarda.

Litinin, 15 ga Satumba, lokacin cin abincin rana

Zuciya ta ɗebe ni na yi rubutu a group ɗin. Na ce su ji tsoron Allah, yaron nan ɗan mutane ne, yana da uwa, ko kaza bai taɓa cuta ba. Minti goma aka goge. Sai ga saƙo daga Shalom: ke yayarsa ce ko? Wai duk tarihin group ɗin ba a taɓa kare mai bass da cewa yana da uwa ba.

Ta nemi lambata, ta kira. Na ɗaga ina shirin wanke ta tas, sai na ji, "Anti, ina wuni? Ya aiki?"

Hausa! Iyayenta 'yan Kafanchan ne, a unguwar Lozells ta Birmingham aka haife ta, nurse ce. Hausar tata tana ɗingishi amma tana tafiya. Muka gaisa har da tambayar mutanen gida, ni da yarinyar da ke shirya wa ƙanena tozarci.

Ta ce, "Anti, ba shi muke ƙi ba fa. He's good. Ya iya sosai."

Na ce, "To me ya sa kuke nuna masa ƙeya?"

Ta ce saboda ba a gaya musu gaskiya ba. Ta ce tana 'yar shekara sha shida ta fara zuwa wasansu, ita kaɗai baƙar fata a ɗakin. Wata rana wani ƙato ya ture ta da gangan, Ethan ya tsayar da waƙa a tsakiya, ya ce ba zai ƙara taɓa igiya ba sai an fitar da mutumin. Ta ce mutum irin wannan ba a share shi da layi biyu.

Na ce to ku juya wa mawaƙin baya mana, ai shi ya rubuta layi biyun. Ta ce ai Nazir ne ke tsaye a wurin Ethan. Ni dai ban gane ba. Kuma abin haushi, yarinyar ta shiga raina.

Laraba, 17 ga Satumba, ƙarfe huɗu

Na miƙa wa wata tsohuwa maganinta ban ce mata komai ba, sai da ta ce ko lafiya.

Litinin, 22 ga Satumba, da safe

Zan kai Inaya makaranta, na kunna taswirar mota, sai ga wurin da aka je jiya. Sparkhill, Birmingham. An ajiye shi da suna: Ethan. Na duba baya. Kowace Lahadi, tun watan Yuni.

Wanda ka ci amanarsa kake zuwa gidansa duk mako? Ko haƙuri yake zuwa bayarwa ana koro shi?

Na yanke shawara. A gidanmu in yaro ya ɓata da babba, ba a barin su biyu, manya ne ke tashi su je. Haka Baba ya yi lokacin da Nazir ya fasa gilashin maƙwabta a Levenshulme, ya sa babbar riga ya je har ƙofa. Baba ba ya nan, Mama tana nesa, saura ni. Zan je in gaishe shi, in ba shi haƙuri in akwai laifi, in roƙe shi ya yi wa mutanensa magana.

Abban Inaya ya ce, "Nan fa ba Kano ba ce. Bature ba ya son a faɗo masa gida ba sanarwa." Na ce Bature ma mutum ne, kuma ba wanda ke korar mai kular abinci a hannu. Ya ce to Allah ya kiyaye hanya, da irin muryar nan tasa.

Laraba, 24 ga Satumba, ƙarfe biyar na yamma

Na je. Na dawo. Ba zan iya rubutu yau ba.

Alhamis, 25 ga Satumba, ƙarfe bakwai na safe

Dafa-duka na yi da kaza, na haɗa da dambun nama da dabino. Babbar hanyar M6 a cunkushe, sai kusan azahar na shiga Stratford Road. Gidan ƙarami ne a wani layi bayan shagunan atamfa da na gwal.

Ya daɗe bai buɗe ba. Ƙato ne, gemu har ƙirji, zane a wuya, sanye da silifas na tsofaffi. Na gabatar da kaina, na fara jawabin da na haddace tun daga Stoke, ina tsaye riƙe da kula. Na ce na zo a madadin iyayenmu. Na ce in Nazir ya yi masa laifi ya dubi girman Allah ya yafe, yaro ne. Ya tsaya yana kallona, sai ya fashe da dariya, dariyar kuma ta koma wani abu daban. Ya ce in shigo.

Ya dafa shayi. Ya ce in ɗauko kofunan da kaina in ba damuwa.

Abin da na gani a kicin ɗin nan ba zan rubuta ba. Akwai kwalin magani a kan teburi kusa da sukari. Na san kwalin, duk wata ina miƙa irinsa ga mutane uku ko huɗu, kuma duk sun girme shi da shekara ashirin. Ya ga na gani. Ya ce, "Me kika ce aikinki?" Na gaya masa. Ya ce, "To, shi ke nan," ya cusa hannunsa na hagu a ƙarƙashin cinyarsa ya zauna a kai.

Ba wanda ya kore shi. Shi ya tafi, shi ya zaɓi Nazir, shi ya ce in ba Nazir ba kada a ba kowa. Ranar Lahadi Nazir yana zuwa da gitarsa, Ethan yana rera masa kiɗan da baki, shi yana bi. Bayan nan ya yi masa cefane, ya buɗe masa duk kwalaben da zai buƙata a mako.

'Yan band sun sani, Nazir ya sani. Mahaifiyar Ethan ba ta sani ba, shekararta tamanin da ɗaya, bara ta binne mijinta. Ya ce bai shirya ba. Ya ce shekara goma sha biyar mutane na kallon hannunsa don sha'awa, ba zai iya jure su kalle shi don tausayi ba, ba yanzu ba. Ya ce ya san abin da ake yi wa Nazir, yana ganin komai, kunya kamar ta kashe shi. A ba shi zuwa sabuwar shekara.

Na ce kafin sabuwar shekara ai an sallami ƙanena.

Ya ce ya sani. Ya ce ya gaya wa Nazir ya fasa ƙwan in ya gaji, Nazir ya ƙi.

Sannan ya ce in yi masa alkawari. Na ce wallahi ba zan faɗa wa kowa ba. Bai san nauyin kalmar ba, amma ni na sani. Ya ci dambun nan da cokali yana zubarwa a gemu, ya ce bai taɓa cin abu mai daɗinsa ba. Na yi kuka a mota daga Sparkhill har na hau babbar hanya.

Juma'a, 26 ga Satumba, bayan la'asar

Ina jin tausayinsa. Ina jin haushinsa. Ina alfahari da Nazir, kuma ji nake kamar in shaƙe shi. Duka a lokaci guda.

Lahadi, 28 ga Satumba, ƙarfe uku na rana

Nazir ya kira daga can. Ko sallama babu.

"Yaya, kularki na gani a kicin ɗin Ethan."

Na ce eh, na je gaisuwa, laifi ne?

Ya ce, "Who does that? Wa ya aike ki?" Na ce Mama ce ta aike ni tun shekara takwas da suka wuce. Ya ce wurin nan da yake tsayawa a dandamali shi ne abin da ya fi so a duniya, tun yana yaro yake mafarkinsa, amma gara ya rasa shi da a ce ta bakinsa maganar ta fita. Ya ce, "Promise me." Na ce ai na riga na rantse. Ya ce, "Na san ki, Yaya. Ki sake."

Na sake. Wai ya san ni!

Talata, 30 ga Satumba, da rana

Sun buga riguna. Baƙaƙe, rubutun a baya yake don ya karanta in sun juya: INA ETHAN? Da Turanci dai. Wani ya sa hoton Nazir ya zana masa wuƙa a hannu. Mutum ɗari biyu suka yi dariya. Saura kwana goma sha ɗaya.

Ina riƙe da abin da zai kashe wutar nan cikin minti ɗaya, kuma an ɗaure min baki. Ban gane wannan wane irin adalci ba ne.

Asabar, 4 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Shalom ta zo Manchester wajen ƙawarta, ta ce za ta biyo ta gaishe ni. Muka haɗu a kasuwar Longsight, na kawo ta gida. Na yi mata tuwon shinkafa da miyar kuka, ta ci har tana lumshe ido, ta ce tun rasuwar babanta ba ta ci ba. Ƙarfe a hanci, ƙarfe a gira, amma da ta gama sai ta kwashe kwanukan ta wanke. 'Yar mutunci ce wallahi.

Muna shan shayi ta ce, "Anti, kin san ina ganin girmanki. Amma wanda ya yi wa malaminsa haka, ko ɗan'uwana ne zan juya masa baya."

A falona. Da tuwona a cikinta.

Asabar ɗin dai, bayan ta tafi

Ban faɗa wa kowa ba.

Lahadi, 5 ga Oktoba, bayan asuba

Ban faɗi sunan ciwo ba. Ban ce ma akwai ciwo ba. Ban ce na je gidan Ethan ba. Cewa kawai na yi, tunda ke nurse ce, je ki sake kallon bidiyon wasansa na ƙarshe, ki bar kallon fuskarsa, ki kalli hannun hagu in ya sauke shi tsakanin waƙa da waƙa. Wannan faɗa ne? Bidiyon yana nan a fili, kowa na iya gani.

Ta kalla a wayarta a nan kan kujerata. Sau biyu. Ta rufe baki da hannu. Na sa ta yi alkawari, ta rantse da kabarin babanta.

Ko akwai kaffara a kaina? Ni a ganina babu. Na tashi in tambayi Abban Inaya, na fasa.

Litinin, 6 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya

Shalom ta sanar an fasa juya baya. Ba ta ba da dalili ba. Alhamdu lillahi. Ashe abin ba wuya.

Litinin, ƙarfe biyar

Sun taso mata. Wai nawa aka ba ta, wai ta sayar da Ethan. Ta turo min saƙo cewa dole ta yi wa sauran masu kula da group ɗin bayani, su biyu ne kawai, amintattu ne. Na kira ta sau huɗu, tana aiki.

Talata, 7 ga Oktoba, da safe

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

An rage gudun bidiyon. An zagaye hannun da jan layi inda yake karkarwa. An tono wasu bidiyoyin har na bara, ana jera su ana gwadawa. Kowa ya zama likita. Sunan da na ƙi rubutawa a littafin nan yana nan a group ɗin sau ɗari.

Laraba, 8 ga Oktoba, lokacin cin abincin rana

Wani ya sa hoton ƙofar gidan Ethan. Furanni har sun toshe matakala, da katuna, da kyandir, kamar wanda ya mutu. Labulen a rufe. Wata ta rubuta cewa ta haɗu da mahaifiyarsa a shago ta rungume ta ta yi mata jaje, tsohuwar ta ce jajen me.

Nazir kuma ya zama gwarzo. Yanzu "Naz" ne, "ɗan'uwanmu Naz". Wanda ya zana masa wuƙa ya rubuta doguwar wasiƙar neman gafara. Wadda ta ce rashin kuskurensa ke ba ta haushi ta ce tun ranar farko ta san akwai wani abu mai tsarki a kiɗansa. Mutanen nan dai! Ko kwana goma ba a yi ba.

Abin da nake so ke nan, ko ba shi ba? Na kira Nazir, ba ya ɗagawa.

Alhamis, 9 ga Oktoba, bayan magariba

Sau tara. Ba ya ɗagawa. Abban Inaya bai ce min komai ba, kuma gara ya yi faɗa.

Na rubuta wa Ethan saƙo na goge, na rubuta na goge. Ba ni ma da lambarsa.

Juma'a, 10 ga Oktoba, da yamma

Bai zo karɓar mukullin mota ba. Mama ta kira tana tambayar auta, na ce lafiyarsa ƙalau, aiki ne ya yi masa yawa.

Asabar, 11 ga Oktoba, ƙarfe bakwai saura, a jirgin ƙasa zuwa Manchester

Na je. Wasan yini ne a wani tsohon sito, band bayan band, su Nazir ƙarfe huɗu. Na shiga da abayata da audugar kunne, mai tsaron ƙofa ya tambaye ni sau biyu ko na tabbata nan nake nufi. Shalom ta hango ni ta taho, idonta ya kumbura, ta ce, "Anti, ki yafe min." Na ce ba ke ba ce. Ta tsaya kusa da ni tana tare min masu bangaza.

Kafin ma su fito ɗakin ya ɗauka: Naz! Naz! Naz! Wasu sun juya rigunan nan ciki waje. Ba zan yi ƙarya ba. Na ji daɗi. Ƙanena ne ake kira.

Ya fito, ya saɓa gitarsa, bai ɗaga hannu ba. Ya juya ya fuskanci mai ganga. Haka ya yi wasan, minti arba'in, bai waiwayo ko sau ɗaya ba. Da aka zo wurin da bass ke kaɗawa shi kaɗai, na ji shi a haƙarƙarina, ya kaɗa shi yana kallon bango. Na ce yau za su cinye shi ɗanye. Ina! Ihu suka ƙara. Wani dattijo mai furfura kusa da ni yana kuka, yana ce min wannan girmamawa ce ga Ethan, wai ban ga kyan abin ba? Ni na san bayan Nazir. Na san yadda kafaɗarsa ke tsayawa in ransa ya ɓaci, tun yana rarrafe.

Da suka gama na zagaya ta baya inda ake loda kaya. Rana ba ta faɗi ba tukuna. Yana saka gitarsa a mota, mutane sun kewaye shi suna bubbuga masa kafaɗa. Na jira suka ragu. Na ce, "Auta."

Ya rufe but ɗin motar.

Na ce, "Ban faɗi sunan ciwon ba, wallahi. Don kai na yi. Da yanzu sun kore ka."

Ya ce ranar Laraba shi ya kai Ethan gidan mahaifiyarsa, shi ya zauna a mota awa biyu yana jira. Ya ce da Ethan ya fito bai zage shi ba, bai ma ambace ni ba, cewa kawai ya yi kada ya ƙara zuwa ranar Lahadi.

Na miƙa hannu zan taɓa shi. Ya kalle ni, ya yi magana da Hausa tsantsa, ba ko kalmar Turanci ɗaya.

"Ruƙayya, ki tafi gida."

Shekara ashirin da tara. Ni na yi masa wankan farko da Mama ta dawo daga asibiti. Bai taɓa kiran sunana ba sai yau.

Litinin, 13 ga Oktoba, ƙarfe ɗaya da kwata na rana

Sun tabbatar da shi. Shi ne mai bass ɗinsu na dindindin. A group ɗin na gani.